Ƙasar da Muke Kira Ganga

Jiya da hantsi ina dawowa daga kai niƙa, na ga an rubuta wani abu da jan fenti a jikin ginin Alhaji Ciyaman. Na sauke bokitin, na tsaya na karanta shi da kaina, baƙi bayan baƙi, yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci. An rubuta wai na sayarwa ne. Na maimaita karantawa, ba don ban gane ba, sai don daɗin da ya yi mini a baki. Da na iso gida na kasa zama, shi ne na ɗauko biro, don abin ya daɗe a cikina, kuma waɗanda suka san farkonsa sun kusa ƙarewa.

Mu da muka tashi a Makera lokacin da masaƙa ke aiki, ba mu san agogo ba, jiniya muka sani. Ta safe ta kaɗa, iyayenmu maza su fita a kan kekuna, ƙararrawa na tashi ta kowane lungu, mu kuma mu ɗauki tsintsiya. Kafin rana ta yi zafi mun share tsakar gida, mun cika randa, mun wanke kwanonin daren jiya da toka da soson buhu. Ta yamma kuwa tamu ce. Da ta kaɗa mun san an ɗora ruwan tuwo, saura mana ɗan lokaci kafin a fara ƙwala mana kira ta saman katanga, sai mu kwasa a guje zuwa fili. Filin nan yana bayan layin ƙarshe na gidajen ma'aikata, famfo a wannan kai, durumi a wancan. Maza su ɗauki gefe guda da langa da ƙwallon tsumma, mu mata mu ɗauki ɗaya gefen da carafke da 'yar gala-gala, amma in aka ce tsere, kowa na kowa ne. Daga famfo zuwa durumi, ba takalmi, zani a ɗaure a ƙugu. Ba wanda ya taɓa tambayar wane ne mai filin, kamar yadda ba wanda ke tambayar wane ne mai inuwa. Ranar Sallah mu je da lallenmu, ranar Kirsimeti su Saratu su zo da kitsonsu mai zare, kowa da guntun nama a hannu, a ci a goge a zani, a sake jan layi da diddige.

Saratu ƙawata ce, 'yar mutanen kudancin Kaduna, ubanta da nawa inji ɗaya suke tsaro. Ita ta sa mini suna Barewa, don ba ta taɓa riga ni taɓa durumi ba, ko da yake har yau ba ta yarda ba.

Gab da durumin, ta gabas, akwai wani wuri da faɗinsa bai wuce ɗakuna huɗu ba. In kina gudu kika hau kansa, sai ki ji ƙasar ta amsa, dum, dum, dum, ƙarar na hawowa ta diddige har cikin ƙirji. In tafiya kike a hankali ba za ki ji komai ba, sai kin buga ƙafa da ƙarfi. Shi ya sa muke ce wa wurin Ganga. Mai gudu in ta ji Ganga ta san ta kusa, ta zuba sauran ƙarfinta. Innata takan ce mana, “In an yi ruwa ku zagaye wurin nan, ba na son jin labari.” Mu ce to, mu fita mu manta. Wata rana bayan kwana uku ana tafka ruwa, ina gaba Saratu na bina, na ɗora ƙafar dama a kan Ganga, sai kawai ƙasa ta haɗiye ta har gwiwa. Da suka ciro ni, ƙafar ta fito shuɗiya kamar an tsoma ta a marina, ga wari mai hawa kai. Na yi ta ihu na zaci aljanu ne suka kama ni. Babana bai dake ni ba. Ya zaunar da ni a kan turmi, ya dinga wanke ƙafar da sabulun salo, yana magana a hankali. Ya ce tun yana sabon ma'aikaci aka haƙa wani ƙaton rami a wurin, zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu, nan ake juye ruwan rini da dattin auduga. Da ya fara damun mutane sai aka jera masa gumagumai da tsohon kwano, aka zuba jar ƙasa a sama aka daddale. “Sama ƙasa ce, ƙasa kuwa ba komai,” in ji shi. “Wurin zai ɗauki yaro, zai ɗauki akuya. Abin da ya fi haka ba zai ɗauka ba.” Shuɗin nan ya yi wata guda a farcen babban yatsana, ina nuna wa yara suna ba ni gyaɗa.

Daga baya komai ya watse, ba a rana ɗaya ba. Ni aka cire ni daga aji huɗu don in taya Inna sayar da abinci a ƙofar masaƙa, gudu ya koma na kai kwano da dawo da kwano. Sannan masaƙa ta rufe, jiniya ta yi shiru. Masu keke suka koma garuruwansu, wasu suka mutu da jiran haƙƙinsu. Aka yi rikici, gari ya rabu, su Saratu suka koma Romi, sai dai Sallah in aika mata nama, Kirsimeti ta aiko mini shinkafa da kaza. Sababbin mutane suka saye gidajen layinmu, suka ɗaga katanga, suka sa ƙofar ƙarfe. Cikinsu har da Alhaji, ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan gini, bai shekara biyar ba aka ba shi shugabancin kwamitin unguwa, kowa na ce masa Ciyaman. Sunan Ganga dai ya tsaya a bakin mutane, ana cewa mu haɗu a Ganga, mai kayan miya na Ganga, amma dalilin sunan ya bi masu keke. Yaran yanzu da silifas suke wasa, ido a waya, ba sa jin abin da ƙasa ke faɗa.

Autata Nana ce kaɗai ta ɗauko ƙafata. Tun tana ƙarama in na aike ta sayen magi, kafin in juya ta dawo. A sakandare ta cinye duk 'yan ajinta, ta cinye na gaba da ita, har malamin wasanni ya zo gida ya roƙi Malam, maigidana, a bar ta ta wakilci makaranta a gasar da za a yi ta makarantu. Malam ya ce in dai da dogon wando da hijabinta ne, ya yarda. Ƙarshen watan ya dawo daga kamfanin da yake aiki a Kudenda da leda a hannu, farin kambas ne mai jan layi. Yarinyar nan a ƙarƙashin matashinta take ajiye shi. Ni kuwa da ban taɓa gudu da takalmi ba, da ba kowa a ɗakin na zura ƙafa ɗaya a ciki, na ji yadda yake.

Saura mako uku gasar aka sa dokar kulle saboda korona. Makaranta ta rufe, kamfani ya ce ma'aikata su zauna a gida, masallaci ya koma kiran salla kawai. Mu shida a ɗaki biyu da ɗan tsakar gida da bai fi tabarma uku ba. Ban san Malam na da yawan magana ba sai lokacin, ya gyara rediyon da ba abin da ya same shi, ya koya mini yadda ake yanka albasa bayan shekara ashirin da biyar ina yanka masa. Na koya wa yaran carafke da duwatsun da muka tsince a cikin wake, Malam ya zana dara a ƙasa yana cin kowa yana dariya. Ista ta zo, Saratu ta kira ni ta ce a falo suka yi coci, mijinta ne fasto, ita ce 'yan waƙa. Azumi ya zo ba tafsiri, ba aika ƙosai maƙwabta. Nana kuwa kullum da safe ta ɗaura kambas ta yi ta gudu a wuri ɗaya, fuskarta a bango, kamar akuyar da aka ɗaure. In na ga haka sai in juya baya in kama wani aiki.

Ranar ƙaramar Sallah ba a je idi ba. A tsakar gida Malam ya ja mu raka'a biyu, kowa da sabon ɗinkin da ba mai ganinsa sai mu. Gari shiru, ko kukan babur babu. Na dubi Nana, na ce, “Sa takalminki ki je ki zaga fili sau biyu ki dawo. Yau ba kowa a waje, wannan ce barka da Sallarki.” Ni na ce ta je. Wannan ban taɓa ɗora wa kowa ba.

Ba a jima ba na ji hayaniya. Na yafa mayafi na fita, na tarar da mutane a ƙofofin gidajensu suna leƙe. Ciyaman ne da mutanensa biyu na kwamiti, da dorina a hannu da takunkumi a haɓa, sun tare ta gab da durumi. Ya sa ta cire kambas, ta kama kunnuwa, tana tsallen kwaɗo a cikin sabuwar rigarta.

“Baba, don Allah ka yi haƙuri, ni kaɗai ce, ban taɓa kowa ba.”

“Ashirin da bakwai! Ke ce kika fi gwamnati, ko? Mace da gudu kamar an koro ɓarawo. Ashirin da takwas!”

Na matsa na durƙusa. Na ce, “Ranka ya daɗe, ni na aiko ta. In hukunci ne ni za a yi wa.”

Ko kallona bai yi ba. “Maman Nana, koma gida. Da kin iya tarbiyya da ba mu zo nan ba. Talatin!”

Ɗaya daga cikin mutanensa ya ɗaga waya yana ɗauka. Ta saman katangar gidan Alhajin kuwa ana jin ƙarar ƙwallo da ihun 'ya'yansa da na baƙinsa da suka zo cin tuwon Sallah. Sai da ta yi ɗari. Ina tsugune ina jin kowane tsalle a cikin ƙirjina, kuma ba zuciyata kaɗai ke bugawa ba, don a kan Ganga ya tsayar da ita. Da ya gama ya ɗaure igiyoyin kambas ɗin wuri ɗaya, ya rataye a kan wani dogon ƙarfe da ke bakin fili, ya ce ya zama darasi ga 'ya'yan kowa. Na kama hannunta muka taho, ƙafarta ba takalmi, cinyoyinta na rawa. Ban yi masa ihu ba, ban iya ba. A bakin ƙofarmu na ce Allah ya isa, a hankali, ni kaɗai na ji.

Kafin la'asar hoton ya zaga wayoyin unguwa, wani har ya sa masa kiɗa. Kwana huɗu Nana ba ta iya tsugunawa, sai na riƙe ta. Ciwon cinya ya warke, ɗayan bai warke ba. Da aka buɗe makaranta yara suka sa mata suna Kwaɗo. Malamin wasanni ya zo har sau biyu, ta ƙi fitowa daga ɗaki. Malam ya ce zai sayo wani takalmin, ta ce, “Baba, bar kuɗinka.” Kambas ɗin nan kuwa ya kwana ya wuni a kan ƙarfe damina guda, ruwa ya dake shi, rana ta gasa shi, farin ya koma ruwan ƙasa, jan layin ya koɗe. Duk zuwa famfo sai na wuce ta ƙarƙashinsa. Malam ya so ya je ya sauko da shi, na ce ya bar shi, ina so in riƙa ganinsa.

Tun cikin kulle Ciyaman ya zagaye filin da igiya, wai don hana taro. Aka janye doka, igiya ba ta janye ba, sai ma ta zama kwano ta gefen gabas. Da rani ya shigo muka ji wai ya samo takarda, zai yi shaguna shida da bene a sama, don ci gaban unguwa. Wata safiya ina ɗauke da bokiti na same shi tsaye da birkila suna ja da igiyar awo, daidai inda ƙafata ta taɓa nutsewa. Ya gan ni ya washe baki, kamar ba abin da ya taɓa haɗa mu.

“Maman Nana, ke da aka haifa a nan. Wai me ya sa ake ce wa wurin nan Ganga? Na ce wa wannan, ai nan makaɗa ke zama da Sallah a zamanin da. Ko ba haka ba?”

Na ɗaga kai na dubi kambas, na sauke na dube shi. Maganar babana tana kan harshena, har da muryarsa. Na ce, “Haka ka ji, Alhaji?”

“Ai abin a fili yake. Wurin taro, wurin kasuwa. Shi ya sa na zaɓe shi.”

Na ce, “To, Allah ya ba kowa abin da ya nema.” Ya ce amin da ƙarfi.

Ban yi masa ƙarya ba, ko kalma ɗaya. Na gyara bokitina na wuce.

Harsashin da suka haƙa bai kai ƙugu ba, jar ƙasa ce tsantsa mai tauri, birkila har yaba ta yake. Na ga an zuba kankare, na ga bulo ya hau layi-layi. Kowace mota ta sauke yashi sai in ji wani sanyi a raina. Malam ya san labarin ramin, ni na taɓa ba shi tun muna amare. Ya same ni ina tsince shinkafa ya ce, “Ke, ba ki ganin ya kamata a faɗa masa? Ki bar wa Allah mana.”

Na ce, “Na bar masa tun ranar. Cewa na yi ba zan shiga tsakaninsu ba.”

“In ya faɗa wa mutane fa?”

Wannan ita ce tambayar da ta hana ni sakat, don ba da kowa nake ba, da mutum ɗaya nake. Sai na sa ido. Muddin rani ne na san ƙasar za ta riƙe, magina za su gama su tafi lafiya. Na ce a raina, ranar da na ji wani zai zuba kaya a ciki, ranar zan buɗe baki. Na bar shi ya yi bene, ya yi rufi, ya sa ƙofofi, ya shafa fenti ruwan madara. Na bar shi ya sayar da motarsa ya sa tayil.

Hadari ya fara haɗuwa sai ga wayar Saratu. “Barewa! Kina nan da ranki? Surukata ce ke neman shagon ɗinki, an ce mata akwai sababbi a tsohuwar unguwarmu. Abeg ki duba mana.”

Na ce, “Akwai. A kan Ganga suke.”

Ta ce, “Wace Ganga? Tamu? Wadda ta cinye miki ƙafa ranar da na kusa cin ki?”

“Ba ki kusa ba. Ita dai.”

“Yesu! Wane mahaukaci ne ya yi gini a kan rami?”

“Wanda ya sa Nana tsallen kwaɗo.”

Na ji ta ja numfashi, sai ta fashe da dariya har da tari. “Ke dai muguwa ce mai sanyin murya. Bar mini sauran.”

Ita ta ɗauki Romi da Kakuri, ni na ɗauki gidajen suna da wurin niƙa da ajinmu na manya. Ban ƙara gishiri ba. Duk wadda na ji mijinta ko ɗanta na son shago, sai in ce ta aike shi ya je bayan ginin ya buga diddige da ƙarfi ya saurara. Suka je, suka buga, suka ji. Ba wanda ya karɓi makulli. Maganar ta kai kunnen Alhaji, ya ce hassada ce ta matan unguwa.

Ruwan tsakiyar damina ne ya raba gardama. Kwana uku ana yi, ranar na huɗu da safe aka ga tsaga daga tagar bene har ƙasa, hannu na shiga. Kafin sati kusurwar gabas ta zauna, ƙofofi suka ƙi buɗuwa, tayil ya yi ta fashewa shi kaɗai kamar ana toya gurguru. Wani ruwa shuɗi mai wari ya tsattsafo ta gindin bango ya bi lambatu. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Na je na tsaya cikin masu kallo, na ga launin da na sani tun ina 'yar shekara tara, na ji kamar na ga wani nawa.

Nana ba ta koma gudu ba, kada in rubuta abin da bai faru ba. Ta gama makaranta, tana koyon aikin jinya, tafiyarta a hankali kamar ta kowa. Shekarun da za ta yi gudun sun wuce, ba ginin da zai rushe ya dawo da su. Shi ya sa masu ce mini ai yanzu sai in huce, nake kallonsu kawai.

Alhaji ya zo da kansa bayan ruwa ya ɗauke. Ya yi sallama, Malam ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, Alhajin ya ce ba wurinsa ya zo ba, wurina ya zo. Na fito na tsaya daga bakin ƙofa. Ya rame, hular ma kamar ta yi masa yawa.

“Maman Nana, an ce kin san da ramin nan.”

“Na sani, Alhaji.”

“Tun ranar da na tambaye ki?”

“Tun kafin ka san hanyar Makera.”

“Haba, baiwar Allah. Duk abin da na tara yana cikin ginin nan. Kalma ɗaya fa. Me ya hana ki faɗa mini?”

Na ce, “An faɗa maka, ranka ya daɗe. Ranar Sallah, a daidai wurin ka tsayar da 'yata. Duk tsallen da ta yi, ƙasar nan sai da ta amsa. Ni da ke tsugune na ji, har na bakin ƙofa sun ji. Sau ɗari aka faɗa maka. Kai ne kana ƙirga.”

Ya miƙe daga kan tabarma. Ya nemi takalmansa ya fita. Washegari da na je famfo, ƙarfen nan ba komai a kansa. Ban tambayi wanda ya sauke ba, ba a kuma kawo mana ba.

Ginin na nan a karkace, ƙadangaru ne 'yan haya. Jan fentin da aka shafa masa jiya ba zai kawo mai saye ba, don yanzu har yaran da ba su san jiniya ba sun san dalilin sunan. Ni dai duk na zo wucewa, in na duba ba mai kallona, nakan sauke abin da ke kaina, in cire silifas, in buga diddige sau ɗaya a gindin bangon. Har yau tana amsa mini.